Dawanau ko kasuwar ƙauye: ina za a yi awon shekara a ƙarshen kaka?

Wata 'yar uwa a nan ta yi tambaya: tana zaune a Kano, tana son ta sayi abincin da za ta ajiye yanzu da kaka ta zo ƙarshe, shin ta shiga kasuwar hatsi ta Dawanau ne ko ta bari sai ranar Lahadi ta tafi kasuwar Dambatta? Hajiya, amsar tana ga abin da za ki saya, don ba duk kaya ne ƙauye ya fi araha ba.

Mu fara da masara. Ƙasar Dambatta da Kazaure da Daura ƙasar gero ce da dawa da wake da gyaɗa da riɗi. Masara mai yawa daga kudu take zuwa, wajen Saminaka da Giwa da Funtuwa da Tudun Wada. Ke nan in kin je Dambatta neman masara, sau da yawa wadda aka yi wa kuɗin mota daga wani wuri za ki tarar. Dawanau kuwa, da ke hanyar Katsina a ƙaramar hukumar Dawakin Tofa, nan motocin suke sauke ta, kuma kullum tana ci. A masara dai Dawanau ta yi gaba, babu ja.

Dawa da wake su ne kayan wannan lokaci, don su ake girbewa daga baya, bayan gero ya daɗe da shiga rumbu. A nan ƙauye ya fi. Manomi ne zai zo da kwano goma ko rabin buhu a bayan babur, yana neman kuɗin wata lalura, ki taya, ya ce albarka, ki ƙara, ya sallama. Kina ganin kayan a shimfiɗe, kina iya tura hannu har ƙasa. A Dawanau buhu ne a ɗinke, kuma kafin ya iso gare ki ya bi ta hannun mai tarawa da dillali da ɗan dako, kowa da rabonsa. Za a soka miki ƙarfe a zaro samfur, amma ki ce a soka ta gindin buhun ma, kada a tsaya a baki.

Sai dai wake yana da magana. Wanda ya kwana biyu a sito, ana yawan zuba masa maganin ƙwari, kuma saboda irin wannan magani ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Sabon wake daga hannun manomi ya fi kwanciyar hankali. Ki shanya shi sosai, ki sa a buhun PICS mai leda biyu a ciki ko a jarka mai murfi, ki toshe. In babu iska ƙwaro ba ya rayuwa.

Inda ƙauye yake cin mutum shi ne awo da danshi. Buhu a Kano kwano 40 ne, kusan kilo 100, amma kwano suna ya tara: wani an buga masa gindi, wani mai awon ba ya yin tozo. Ki tafi da kwanonki. Hatsin da aka sussuka jiya kuma bai gama bushewa ba, ga ƙaiƙayi ga tsakuwa. Ki ɗauki ƙwaya ki ciza: in ta fashe da ƙara, ta bushe, in haƙori ya nutse, ki san sai kin sake shanya, kuma awon zai ragu. Araha ba ta ado, in ji Hausawa.

Kayan miya kam ba sai an tsaya dogon lissafi ba. Busasshiyar kuɓewa, kuka, daddawa, zoɓo, barkono da kabewa, ki saya wajen matan ƙauye, har gyara za su yi miki. Tumatir ki ƙyale shi tukuna, na rani daga Kura da Kadawa bai fara cika kasuwa ba, sai sanyi ya kankama.

Sannan ki lissafa kuɗin mota zuwa da dawowa, da kuɗin buhu, da na masu lodi. In buhu ɗaya ko biyu ne duka sayayyar, ragin da kika samu zai ƙare a hanya, gara ki shiga Dawanau ki ɗauki a-daidaita-sahu ki dawo gida. In kuwa za ku haɗu ku huɗu ko biyar, ku ɗauki mota ɗaya ranar Lahadi, ku isa da hantsi kafin 'yan sari su kwashe mai kyau, ku yi awon dawa da wake da kayan miya a can. Masarar ku bar ta sai wata rana a Dawanau.