Gwajin kyamarar ciki: yadda ta kasance da ni

Shekara 6 ina fama da ƙwannafi da kumburin ciki. Da ya taso sai in leƙa kemis a ba ni omeprazole, maganin rage tsamin ciki, ya lafa, ya dawo. Kansar ciki ce ajalin mahaifinmu, don haka da ƙanwata ta matsa, na je wani asibitin kuɗi a Kano aka yi mini endoskofi, wato a zura siririn bututu mai kyamara ta baki har tumbi.

Tun tsakar dare ban ci komai ba. Nas ta fesa mini magani mai ɗaci a maƙogwaro, ta sa mini roba tsakanin haƙora, na kwanta ta hagu. "Baba, ja numfashi a hankali, bar yawun ya zuba," tana faɗa tana dafe da kafaɗata. Yunƙurin amai na farko shi ne wahalar. Likita ya tsinko ɗan nama wuri 5 don awo, ko ji ban yi ba.

Sakamakon ne ya ɓata mini rai. An ce mako ɗaya, sai da na yi uku ina zarya, aka miƙo mini takarda ba wanda ya ce uffan. Kwana biyu barci ya gagare ni.

Likitan ne ya wanke asibitin. Ya zaunar da ni ya zana tumbi a bayan takardar. Ya ce wata ƙwayar cuta ce mai zama a tumbi, H. pylori, wadda tun 1994 hukumar binciken kansa ta WHO ta lissafa cikin masu haddasa cutar. Ta daɗe tana cin bangon tumbina har ya sirance, wani sashe na ƙasa ya rikiɗe ya yi kama da na hanji. "Ba kansa ba ce, Alhaji, kuma akasarin masu wannan ba sa kaiwa can. Amma saboda mahaifinka, duk shekara 3 za mu sake dubawa." Bai ɓoye mini cewa kashe ƙwayar ba lallai ya mayar da bangon yadda yake ba, haɗarin dai yake ragewa. Wannan gaskiyar ta kwantar mini da hankali fiye da lallashi.

Maganin kwana 14 ne, kala huɗu. Bakina ya riƙa ɗanɗanon ƙarfe, bayan gida ya yi baƙi, duk ya riga ya gargaɗe ni. Bayan mako 4 da gama maganin, da na yi mako 2 ba omeprazole, awon bayan gida ya nuna ƙwayar ta mutu.

Na bar taba, maiɗakina ta rage gishiri da bandar kifi. Ƙannena biyu sun je awon ƙwayar. Na ukun har yanzu ina binsa.