Jirgin safiyar Litinin daga Rigasa: tafiyar ba laifi, shigar ce azaba

Duk wanda ya ce maka ka bi jirgin ƙasa daga tashar Rigasa ta Kaduna zuwa Abuja bai cuce ka ba, amma ka tambaye shi wace rana yake nufi. Safiyar Litinin ba irin sauran ranaku ba ce. Ranar ce ma'aikatan Abuja da suka zo hutun ƙarshen mako wajen iyali suke komawa, ga 'yan kasuwa, ga masu ganin likita, ga masu neman biza, kowa so yake ya kwana a gidansa kuma ya isa ofis kafin oga. A cikin wannan dafifi na saka mahaifiyata, wadda gwiwa ta matsa wa har sai da sanda take takawa, don likitan ƙashi ya ba mu lokaci da rana tsaka.

Maganar tikiti ba sai na ja ta ba, kowa ya sani. Tun 2021 aka koma sayarwa ta intanet don a kori 'yan bumburutu, amma kujerun Litinin kafin ka gama rubuta lambar NIN sun ƙare. Ƙanena ne ya tsare waya da daddare ya samo mana biyu. Abin haushi, muna sauka daga keke wani matashi ya matso yana raɗa min, "Alhaji, akwai tikiti fa in kana so." Na kalle shi kawai na wuce.

Mun fito da wuri, mun tsallake tirelolin baifas, muka shiga ta Bakin Ruwa, muka isa da sauran lokaci mai yawa. Binciken kaya ya tafi daidai, ban da ƙorafi a nan. Matsalar ta fara ne a zauren jira. Kujeru sun cika tun kafin mu shiga, mutane na zaune a kan akwatunansu, wasu sun jingina da bango suna gyangyaɗi. Wata yarinya mai hijabi ruwan toka, Allah ya yi mata albarka, ta miƙe ta ce, "Mama, zo ki zauna nan." Ba don ita ba da a tsaye Hajiya za ta yi jiran nan kaf.

Lokacin tashi ya yi, ya wuce. Shiru. Ba jinkirin ne ya fi ɓata min rai ba, wallahi, rashin magana ne. Akwai lasifika a wurin, ina ganin ta. Da wani ya ɗauka ya ce jama'a ku yi haƙuri, jirgi zai makara da kaza, da kowa ya san inda ya kwana: mai kiran ofis ya kira, mai zuwa bayi ya je. Sai aka bar mu da jita-jita. Wannan ya ce inji ne ya samu matsala, wancan ya ce wani babba ake jira. Na tambayi wani mai kaki a bakin ƙofa, ya ce, "Yallabai, yanzun nan in sha Allahu." Na koma bayan wani lokaci, ya maimaita min ita sak.

Can sai wani daga baya ya ɗaga murya wai jirgi ya iso. Kafin ka ce kwabo zauren ya ɗinke a bakin ƙofa ɗaya, kamar ana rabon shinkafar siyasa. Ashe ba komai. Waɗanda suka bar kujera suka juyo suka tarar an gaje su, sai ga cacar baki. Da aka buɗe ƙofar da gaske kuwa, abin ya fi na farko muni. Ina riƙe da hannun Hajiya da hannu ɗaya, jaka a ɗayan, wani ƙato ya ratso da buhun kaya a ka, gefen buhun ya daki kafaɗarta, sandar ta faɗi, takalminta ɗaya ya fita. Na ce, "Haba Malam, ba ka ga tsohuwa ba ne?" Ko juyowa bai yi ba, ya ce, "A yi haƙuri, jirgi zai tafi." Ina tsugune ina laluben takalmi tsakanin ƙafafun mutane, ita kuwa tana ta "Innalillahi, ku bi a hankali 'yan nan." Har yanzu in na tuna raina sai ya sosu.

Kuma fa kowane tikiti da lambar tarago da lambar kujera a jikinsa. To gudun me ake yi? Na lura wurin ajiye kaya na sama ake wa rububi, don wanda ya shiga a makare sai ya rungumi jakarsa har Abuja. Wasu kuma tsoron su tarar da wani a kujerarsu suke yi. Duk da haka ban ga abin da zai hana a ware layi na tsofaffi da masu goyo a fara shigar da su ba. Wannan ba ya cin ko sisi.

Shi jinkirin kansa yana da dalilin da na fahimta. Layin nan mai tsawon kilomita 186, da Shugaba Buhari ya buɗe a watan Yulin 2016, ƙwaya ɗaya ne. Jirgi biyu ba sa wuce juna sai a tasha, saboda haka in wanda ya taso daga tashar Idu ta Abuja ya makara, na Kaduna ma ya makara. Sannan bayan harin da aka kai wa jirgin ranar 28 ga Maris 2022 an dakatar da zirga-zirga har zuwa Disamban shekarar, da aka dawo kuma aka dawo da ƙarancin sawu. Mutanen da a da za su rarrabu, yanzu a jirgi guda suke haɗuwa.

Gaskiya da muka zauna jirgi ya ɗaga, zuciyata ta yi sanyi. Taragon a share yake, na'urar sanyi na aiki, jami'an tsaro na kai-komo, ba rami ba ƙura ba tirela a gabanka. Muka wuce Kakau, muka wuce Rijana, sunan da in a mota kake sai ka ji kowa ya yi tsit yana addu'a. Hajiya ta miƙe ƙafarta ta yi barci abinta. A lokacin har na ce a raina ai komai ya wuce, wa zai haɗa wannan da wahalar titi.

Sai kuma muka tsaya a wata ƙaramar tasha muna jiran na Abuja ya wuce, nan ma ba wanda ya ce mana uffan. Ina kallon agogo lokacin likita na tafiya. Da muka sauka a Kubwa aka sake sabon turmutsitsi a ƙofar fita, masu tasi kuma da suka ga tsohuwa da sanda suka tsuga kuɗi yadda suka ga dama. Muna isa asibiti aka ce likita ya shiga tiyata, sai wani makon. Kuɗin tikiti, kuɗin tasi, ga kafaɗar Hajiya da ta kwana tana ciwo a kan gwiwar da muka je nema wa magani.

Ni kaɗai da 'yar jakata, gobe ma zan hau, don har yanzu ya fi min titi kwanciyar hankali. Amma da tsoho, ko mara lafiya, ko mace mai yara, kada ka kuskura ka zaɓi safiyar Litinin. Na roƙi a mayar mana da ganin likitan ranar Laraba, kuma tun Talata za mu tafi mu kwana gidan 'yar'uwata a Kubwa.