Kafin ka biya kuɗin injin CNC, ka tambayi irin fayil ɗin da yake karantawa

Masu walda a Katsina sun fara sayen injinan yankan ƙarfe da kwamfuta ke tuƙawa, wato CNC, na plasma da na lesa, musamman don furannin ƙofofi da get. Ciniki yakan tsaya kan ƙarfin wuta da faɗin teburi. Amma abin da zai dame ka kullum shi ne fayil: da wanne injin yake karɓar aiki, da wanne kuma yake ba da rahoton abin da ya yi.

In farantin ƙarfe kake yankawa, DXF, wani nau'in fayil ɗin zane, ya ishe ka. Kamfanin Autodesk ya fito da shi a 1982, kusan kowace manhajar zane tana rubuta shi. Matsalarsa ma'auni. Mai zane ya yi aiki da inci, manhajarka ta ɗauka milimita ne, sai zanen ya ƙanƙance sau 25.4, faranti mai faɗin inci 10 ya fito kamar maɓallin riga. Akwai kuma layin da bai haɗe ba da layin da aka zana sau biyu. Na farko yana sa wuta ta ɗauke kafin yanki ya faɗo, na biyu yana ƙona gefe. Ka ce a ajiye maka fayil ɗin a tsohuwar sigar DXF mai suna R12, ka auna gefe ɗaya a allo kafin ka kunna.

Ga mai sassaƙa kayan gyara masu kauri, kamar ƙafar injin niƙa ko mazaunin boris, STEP ne zaɓi, fayil ɗin siffar 3D da ke bin ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ISO 10303. An gina shi gunduwa-gunduwa, kowace da aikinta. Gunduwar AP203 siffa take ɗauka. AP242, wanda ya fito a 2014, yana iya ɗauko har iyakar kuskuren da aka yarda da shi a kowane rami, don haka shi za ka nema a manhaja. STL kuwa ka bar wa masu injin buga abu na 3D: ƙananan alwatika ne kawai, ba ya ma faɗin ma'auni.

G-code, wato jerin umarnin motsi, shi ne abin da injin yake karantawa kai tsaye, kuma nan ake asarar ƙarfe. A cikinsa umarnin G20 inci ne, G21 milimita. Fanuc da Mach3 da GRBL tsare-tsare ne da ke tuƙa injin, kuma fayil ɗin da aka fitar wa Fanuc ba lallai ya gudu a Mach3 ko GRBL ba, domin sukan sha bamban wajen karanta I da J, haruffan da ke nuna tsakiyar lanƙwasa. Saboda haka dole mai sayarwa ya haɗa maka da ƴar manhajar da ke juya zane zuwa G-code na injinka. An ƙirƙiro wani tsari mai suna STEP-NC don ya maye gurbin G-code, amma injinan kasuwa da ke karanta shi kaɗan ne, kada ka ƙara ko kwabo saboda shi.

Mai injin uku ko huɗu, ko sashen koyarwa irin na kwalejojin kimiyya da fasaha na Katsina da Daura, zai amfana da MTConnect, tsarin karɓar rahoto daga injin, wanda aka ƙaddamar a 2008. XML ne, rubutu mai alamomi da mutum ma zai iya buɗewa ya karanta. Ka tura masa kalmar tambaya probe, ya jero maka sassan injin. Ka tura current, ya faɗi halin da yake ciki yanzu, gudun sandar da ke juya bakin yanka, lodi, ƙararrawar matsala. Karantawa kawai yake yi, ba ya ba injin umarni. Ga abin lura a garinmu: yana tara bayanai a ƙwaƙwalwar wucin gadi, in NEPA ta ɗauke sun tafi, sai ka ɗora kwamfutar da ke tara su kan inbata, wata manhaja kuma tana kwashe su tana ajiyewa. Sakamakon awon kayan da aka yanka kuma wani fayil mai suna QIF ke ɗaukarsa, shi ma XML ne, ya zama ISO 23952 a 2020. Ba ka buƙatarsa sai in kwastoma ya nema.

Ranar gwaji ka je da filashinka. Ka sa DXF na faranti milimita 100 kowane gefe, da rami milimita 20 a tsakiya. A yanka a gabanka, ka auna da kalifa, wato ma'aunin kauri da faɗi. In rami ya yi faɗi kuma faranti ya ragu, ba a cire kaurin wutar yanka ba, wanda a plasma yakan kai milimita ɗaya da rabi. Mai sayarwar da ya ce sai fayil ɗinsa kaɗai injin yake buɗewa, ka riƙe kuɗinka.