Rollerball na 2002: Wasan da Na Kasa Gane Ƙa'idarsa

Na kalli fim ɗin Rollerball na 2002 ne kwana biyu bayan na kammala kallon na asali, wanda Norman Jewison ya ba da umarninsa a 1975, kuma wataƙila wannan kusancin ne ya hana ni yi wa sabon uzuri. Wasan da ake bugawa a fina-finan biyu ƙirƙirarre ne, tushensa gajeren labarin William Harrison: 'yan wasa a kan takalma masu taya, wasu a kan babura, suna rububin jefa ƙwallon ƙarfe a wurin cin maki, duka da ture duk sun halatta.

A tsohon fim ɗin, manyan kamfanoni ne ke mulkin duniya, kuma sun kafa wasan ne domin su nuna wa talaka cewa ƙoƙarin mutum ɗaya ba ya tsinana komai. Shi ya sa da James Caan, a matsayin Jonathan E., ya ƙi yin ritaya, kowane naushi da ya sha yana da ma'ana. Mai kallo yana sanin wanda ke riƙe da ƙwallo, yana kuma sanin wanda ke kan gaba.

Sabon ya kwashe labarin ya kai Kazakistan, inda Jean Reno ya fito a matsayin Petrovich, mai gasar da ya lura cewa adadin masu kallo a talabijin yana hawa duk lokacin da jini ya zuba. Tunanin ba laifi. Matsalar ita ce, duk da dogon bayanin da mai sharhin wasan ya yi a farko, har fim ɗin ya ƙare ban gane yadda ake cin maki ba, domin an daddatsa hotunan gutsi-gutsi, kyamara ba ta tsayawa wuri ɗaya, kiɗa kuma ya danne magana. Idan ban san wanda ake rinjaya ba, mene ne zai sa in damu da wanda aka kayar? Chris Klein kuwa, wanda aka ɗora wa nauyin jarumin, ya yi sanyi da yawa, fuskarsa ɗaya ce ko ana yabonsa ko ana farautar ransa. LL Cool J, wanda ya fito a matsayin abokinsa, ya fi shi kuzari nesa ba kusa ba.

Inda haƙurina ya ƙare shi ne wajen tseren da aka yi da daddare a cikin hamada, wanda aka nuna shi gaba ɗaya da koren launin na'urar gani a duhu. Sai da na tashi na duba waya a bayan talabijin, ina zaton ita ce ta sami matsala.

Abin mamakin shi ne, John McTiernan ne ya ba da umarni, mutumin da ya yi Predator a 1987 da Die Hard a 1988, fina-finan da a cikinsu ba ka taɓa rasa sanin inda kowa yake tsaye. An jinkirta fitowar wannan daga 2001 zuwa Fabrairun 2002, aka rage zubar jinin domin matasa su samu shiga silima, kuma tabon almakashin a bayyane yake. An kashe kimanin dala miliyan 70, abin da ya dawo bai kai rabin haka ba.