Hattara da shagunan harsashi na bogi, ni dai sun ci min dala 410

Wannan gargaɗi ne ga 'yan uwa mazauna Amurka, musamman masu fita farautar barewa ko zuwa filin koyon harbi da tsofaffin bindigogin soja. Na daɗe ina jin nauyin faɗin abin da ya same ni, don ba ƙaramin abin kunya ba ne a ce mutumin da ya tashi yana jin labarin 'yan damfara a gida ya zo Texas a yi masa sakiyar da ba ruwa. To amma ranar Juma'ar da ta wuce na tarar da wani ɗan uwa a bakin ramin da na faɗa, shi ya sa na ce shirun ya isa haka.

Bindigata Lee-Enfield ce mai lamba 4, ƙirar Ingila. Ba don farauta na fara sayenta ba. Kakana yana cikin sojojin Afirka ta Yamma da Turawan Ingila suka kwasa zuwa Bama, wadda yanzu ake kira Myanmar, a Yaƙin Duniya na Biyu, kuma dangin wannan bindiga ne mazan jiya na runduna ta 81 da ta 82 suka rataya a can. Tana ɗaukar harsashi goma, samfurin .303, kuma a nan matsalar take, don ba kowane shago ke ajiye shi ba. Sabo akwai, kamfanin Prvi Partizan na Sabiya da Sellier & Bellot na ƙasar Cek suna yi, amma ƙwaya ɗaya takan haura dala guda. Ragowar na soja da a da ake saya da araha kuwa ya yi wuya. Wanda kowa ke nema shi ne na Girka mai tambarin HXP a gindinsa, saboda ba ya sa tsatsa kuma ba ya ƙin tashi.

Tun ƙarancin harsashi na 2020, lokacin korona, da kantuna suka zama wayam, shagunan bogi suka cika intanet kamar jamfa a Jos. Da gwamnatin Amurka ta sanar a watan Agustan 2021 cewa ta daina ba da sabon izinin shigo da harsashin Rasha, sai masu tsofaffin bindigogin sojan Rasha, Mosin-Nagant da SKS, su ma suka shiga neman na araha ido rufe. Ɓarayin nan sun san abin da kowane rukuni ke ƙishirwa, shi suke ɗorawa a gaba.

Ni da HXP suka kama ni. Wani dare bayan na taso aiki na yi bincike, sai ga shago tsaf, da tutar Amurka a sama, an rubuta wai suna kasuwanci tun 2009. Ga hoton akwatin ƙarfe kore a buɗe, harsasai jere suna ƙyalli, ƙwaya 500 a kan dala 290, har da kuɗin aikawa. Kusan rabin kuɗin sabo ke nan. Duk sauran shagunan da na sani sun rubuta ya ƙare, wannan kuwa komai akwai, har abubuwan da aka shekara goma ba a gani ba. Da hankalina na jikina, wannan kaɗai ya isa ya tsayar da ni.

Na zo biya, ga hoton katunan banki a jere, amma duk wanda na danna sai ya ƙi. Ko minti goma ba a yi ba sai ga saƙon imel, cikin ladabi, wai na'urar karɓar kati ta samu tangarɗa saboda bankuna suna takura wa masu sayar da makamai, in biya ta manhajojin tura kuɗi na Zelle ko Cash App, ko da Bitcoin. Ƙaryar tana da daɗin haɗiya domin akwai ƙamshin gaskiya a cikinta, PayPal ma ba ya yarda a yi cinikin harsashi ta hanyarsa. Na buɗe Zelle na sa lambar da suka ba ni, sai sunan wata mata ya fito, ba sunan shago ba. Uwargida tana gefe tana leƙen wayar, ta ce, "Maigida, wane irin kamfani ne kuɗinsa ke shiga asusun mace ɗaya?" Na ce mata ƙila matar mai shagon ce, ke dai bari. Na tura.

Kashegari suka aiko min lambar bin sawun kaya ta wani kamfanin jigila da ban taɓa jin sunansa ba. Shi ma da shafinsa, har da taswira da ɗan hoton mota tana tafiya. Kwana biyu motar ta tsaya cik a Oklahoma. Sai saƙo ya zo wai kaya ne masu haɗari, doka ta ce sai an biya inshorar dala 120, kuma za a maido min da ita ranar da aka sauke kayan a ƙofata. A nan ne na fi jin haushin kaina, domin zuciyata ta riga ta raya min cewa ruwa ba ya tsami banza. Amma na ce tunda 290 ta riga ta tafi, kada 120 ta sa in yi asararta. Wannan lissafin shi suke jira mutum ya yi. Na sake turawa.

Na uku shi ne dala 350, wai kuɗin takardar izini daga ATF, hukumar tarayya mai kula da makamai. Dokar tarayya ba ta neman wani izini daga wanda ke sayen harsashin bindiga na yau da kullum, wannan kam na sani. Da na ce ba zan biya ba, a maido min kuɗina, sai ladabi ya ƙare. Mutumin ya rubuto wai kayan suna ɗauke da sunana, in ban karɓa ba zai kai ni ga hukuma, kuma ya ga sunana na baƙi ne. Ni takarduna cikakku ne, don haka ban ko girgiza ba. Amma ina tuna ɗalibanmu da masu bizar ziyara, waɗanda dokar tarayya ta hana su mallakar bindiga ko harsashi sai da wasu 'yan sharuɗɗa, irin su lasisin farauta na jiha. Irinsu in aka yi musu wannan barazana, biya za su yi ta yi, kuma ba za su faɗa wa kowa ba. Wanda yake kan biza, ya tambayi lauya kafin ya ko taɓa harsashi.

Wani dattijo Bature da muke haɗuwa a filin harbi ne ya zaunar da ni ya buɗe min abin dalla-dalla a wayarsa, cikin abin da bai fi minti biyar ba. Ya duba ranar rajistar shafin, sai ga shagon "tun 2009" bai cika wata biyu da haihuwa ba. Ya sa adireshinsu a taswirar Google, fili ne fetal da ciyawa a bakin titi. Ya bi sawun hoton akwatin, ashe daga wani tsohon gwanjo aka sato shi. Ya kuma ce min gidan waya na Amurka ba ya ɗaukar harsashi sam, shagunan gaskiya da UPS ko FedEx suke aikawa ta mota, kuma ba a tsayar da kaya a hanya a nemi kuɗi wurin mai saye. Shagon gaskiya yana tambayar shekarunka, yana kuma rubuta jihohin da ba ya kai kaya ƙofar gida, kamar California da ta fara binciken mai sayen harsashi a 2019 da New York da ta bi sahu a 2023. Nawa shagon cewa ya yi ko'ina yana kaiwa, har ƙasashen waje.

Wannan "har ƙasashen waje" ɗin ya sa zan ce wa na gida kalma ɗaya, don na ga irin tallan yana yawo a Facebook da Telegram. Ba wanda zai aiko muku komai. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta ambaci bindigogin soja samfurin .303 da 7.62 da suna a cikin waɗanda aka haramta, saboda haka wanda aka cuta a irin wannan ciniki ba shi da bakin kai ƙara.

Bankina ya ce da hannuna na tura, ba abin da za su iya. Da katin bashi na biya, doka ta ba ni kwana 60 in yi jayayya, dalilin da ya sa na'urarsu kullum take da tangarɗa ke nan. Na kai rahoto sashen FBI mai karɓar ƙorafin laifukan intanet, IC3, da FTC, hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye. Ko sisi bai dawo ba, amma ku kai, ku haɗa da hotunan saƙonni da lambar da kuka tura wa kuɗi.

Ko a kasuwar baje kolin bindigogi, inda kaya ke gaban idonka, akwai ƙaramar cuta. Za a ce maka tsohon harsashin soja ba ya sa tsatsa alhali yana sawa, don maganin da ke tayar da shi yana barin gishiri a cikin bututu, in ba ka wanke da ruwan zafi a ranar ba, bututun ya tafi. Akwai kuma masu zuba wanda suka cika da hannu a leda ba suna ba tambari. Wannan ko kyauta aka ba ni ba na sa shi a bindigar da ta haura shekara 80. Yanzu sabo nake saya, akwati biyu ko uku, a shagon da nake shiga da ƙafata.

Ɗan uwan na Juma'a kuwa, a harabar masallaci ya jawo ni gefe yana murna, ya ce, "Yaya, zo ka ga wata garaɓasa." Ya miƙo wayar. Sunan shagon daban, launinsa daban, wai tun 2011 suke. Amma akwatin nan ne kore, da lotsawar nan a kusurwar murfinsa ta hagu, ƙwaya 500, sun ƙara masa dala ashirin.