Sharhi Kan Gyaran Ƙafar 'Yata a Sashen Gashin Ƙashi

An haifi 'yata da tafin ƙafafunta biyu a lanƙwashe, sun murɗe ciki suna kallon juna. Yanzu shekararta biyu da wata uku, tana gudu a tsakar gida, don haka nake ganin na samu bakin yin magana kan aikin da aka yi mata a sashen gashin ƙashi na wani asibitin gwamnati a nan Kano, da abin da ya yi kyau da wanda bai yi ba.

Mun je tana da kwana goma sha biyu, bayan suna, duk da cewa mahaifiyata ta so a fara kai ta wajen mai ɗori. Jami'ar da ta karɓe mu ta murza ƙafar a hankali, sannan ta dubi Hajiya ta ce, "Mama, wannan ba karaya ba ce, ba kuma laifin kowa ba ne, jijiyoyi ne suka ɗaure, kuma da yardar Allah za ta taka." Ta bayyana mana cewa kusan jariri 1 cikin 1,000 ake haifa da wannan lalura, kuma hanyar da za su bi ita ce ta Ponseti, wani likita ɗan asalin Sifaniya da ya yi aikinsa a jami'ar Iowa ta Amurka, wanda ya nuna cewa ana iya miƙe irin wannan ƙafa ba tare da babbar tiyata ba.

Kowane mako ana tausa ƙafar, a ɗan juya ta waje, sannan a naɗe ta da filasta, wadda mutane ke kira siminti, tun daga yatsu har cinya, gwiwa a lanƙwashe. Sau shida aka yi mana haka. An gargaɗe mu mu riƙa duba yatsunta, idan sun kumbura, ko sun yi duhu, ko sun shige cikin filastar, mu dawo ko da dare ne. Bayan na shida aka ɗan yanka jijiyar agara a bayan dunduniya, aikin da bai kai minti goma ba, aka sa filasta ta ƙarshe ta yi mako uku. Ranar da aka cire ta na ga tafin ƙafa a miƙe, fatar ta yi laushi tana saɓa, kuma ban ɓoye hawayena ba. A wannan mataki ba ni da abin da zan ce sai yabo, domin hannun ma'aikatan ya ƙware.

Inda na ga gazawa shi ne abin da ya biyo baya. An miƙo mana takalma biyu da aka haɗa da sandar ƙarfe mai faɗin kafaɗunta, aka ce ta sa su awa 23 a rana har wata uku, daga nan kuma duk lokacin barci har ta kai shekara huɗu zuwa biyar. Bayanin bai wuce minti biyar ba, domin layi ya yi tsawo a waje, alhali wannan takalmi shi ne rabin maganin, kuma yawancin yaran da ƙafarsu ke komawa gidan jiya rashin sa shi ne sanadi. Dare uku na farko ba mu runtsa ba. Goyo ya gagari mahaifiyarta saboda sandar, ga zafin Afrilu, ga maƙwabta masu cewa mun azabtar da yarinya. A mako na biyu dunduniya ta yi ƙuna, ashe ba ma zaunar da ita sosai cikin takalmin kafin mu ja madaurin tsakiya. Wata uwa da muka haɗu da ita a kan benci ce ta koya mana mu sa mata safar auduga marar ɗinki a ciki, mu kuma riƙa motsa sandar sama da ƙasa har ta saba harba ƙafafun tare. Ya kamata a ce daga bakin ma'aikata muka fara jin wannan.

Sai kuma jira. Rana ɗaya ce a mako ake ganin masu wannan lalura, wanda ya iso ƙarfe bakwai na safe yana iya kaiwa azahar bai shiga ba, kuma na ga mata daga Jigawa da Katsina waɗanda kuɗin mota ya fi komai yi musu nauyi. Biyu daga cikinsu na daina ganin su tun a wata na huɗu.

Duk da haka, ko gobe aka haifa wa ɗan'uwana irin wannan jaririya, can zan tura shi, amma zan ce ya je cikin makonnin farko, kuma kada ya fito daga ɗakin sai ya ɗaura takalmin da hannunsa a gaban jami'a ta duba. Mu yanzu muna kan takalmi na huɗu, ana canza shi duk lokacin da yatsu suka leƙo, kuma a watan gobe za mu koma a sake auna ta.