Mayar da gareji ɗakin kwana a Kano: sharhi kan aikin wani kamfanin gini

A sababbin unguwannin Kano, daga Hotoro zuwa Sharaɗa da Rijiyar Zaki, gidaje da yawa an gina su da gareji a kusa da ƙofar shiga, amma duk wanda ya leƙa ciki da wuya ya tarar da mota. Abin da yakan tarar shi ne janareto da tsofaffin katifu da buhunan hatsi, ita kuwa motar tana tsakar gida ƙarƙashin rumfa. Garejinmu ma haka yake, har zuwa lokacin da yaranmu maza suka girma suka kai shekarun da ya kamata a raba musu makwanci da cikin gida, sannan ga baƙi maza da ke zuwa daga ƙauye ba mu da masaukin da ya dace da su. Tun da garejin yana daidai inda a ginin gargajiya ake yin zaure da shagon samari, muka yanke shawarar mayar da shi ɗaki mai banɗaki, muka kuma ba wani ƙaramin kamfanin gini aikin. Ba zan ambaci sunan kamfanin ba, domin akwai yabo a cikin abin da zan faɗa, akwai kuma ƙorafi.

Abin da ya sa na zaɓe su a kan wani birkila da ya yi mini farashi mai sauƙi shi ne yadda injiniyansu ya duba wurin. Birkilan ya tsaya a bakin ƙofa ne ya ƙiyasta bulo nawa za su toshe ta, ya faɗi kuɗin jinga. Shi kuwa injiniyan ya auna faɗi da tsawo, wajen mita 3 da rabi ne da mita 6, ya zuba ruwa a daɓen ya ga inda yake gangarawa, ya hau tsani ya duba ƙarƙashin kwano, ya kuma tambayi inda sokawen gidan yake. Daga nan ya bayyana mini cewa gareji don mota ake gina shi, saboda haka daɓensa ya fi na cikin gida ƙasa kuma yana gangarowa wajen ƙofa, ba a saka masa ledar hana danshi, ba shi da silin, ba shi da tagogin kirki, kuma idan aka toshe ƙofa aka shafa fenti kawai, mutum ba zai iya kwana a ciki a watan Afrilu ba. Shi ne kuma ya nace a zana taswirar sauyin a kai wa hukumar tsara birane ta KNUPDA kafin a taɓa bangon da ke kallon titi, abin da masu gidaje da yawa ke tsallakewa har sai ranar da suka zo sayar da gidan takardu suka saɓa da gini.

A kan daɓe ne na ga ƙwarewarsu sosai. Sun fara kankare tabon baƙin mai da ya daɗe yana ɗiga daga mota, domin siminti ba ya kama wurin da mai ya jiƙa. Sannan suka yi ciko da burji suka daddaɓe shi da inji, suka shimfiɗa leda mai kauri wadda suka ɗaga gefunanta suka haura da su jikin bango, kafin su zuba kankare har daɓen ya zo daidai da na cikin gida. Na tsaya na ga yadda shugaban leburorin ya hana wani yaro taka ledar da takalmi mai ƙusa, ya sa aka liƙe wata ƴar huda da ba ta kai girman ƙwayar gyaɗa ba. Sun ci gaba da ba kankaren ruwa safe da yamma kamar yadda ƙa'ida ta tanada, wato aƙalla kwana 7, ba su yi gaggawar ɗora tayil ba. Amfanin wannan ya bayyana a watan Agusta, lokacin da ruwan sama ya fi ƙarfi a Kano: ɗakin bai yi warin danshi ba, gindin bango bai jiƙe ba, alhali a gidan wani maƙwabcinmu da ya yi irin wannan aikin ba tare da leda ba, kafet ɗinsa har funfuna ya yi.

Toshe babbar ƙofar ma an yi shi da lura. Bakin gareji ba shi da harsashi a ƙarƙashinsa, saboda haka sun haƙa suka zuba ɗan harsashi kafin su ɗora bulo mai inci 9, suka kuma huda tsohon bango suka cusa guntayen rodi domin sabon gini ya riƙe tsoho. A mahaɗar bangon biyu sun sa ragar waya kafin filasta, wanda shi ne ke rage tsagewar da ake gani a irin waɗannan gyare-gyare. Sun bar babbar taga a sabon bangon, suka fasa wata a bangon gefe mai kallon tsakar gida, suka zuba mata linta, domin iska ta shiga ta nan ta fita ta can. Ƙofar da a da take haɗa garejin da lungun kicin kuwa, injiniyan ne ya ba da shawarar a toshe ta a buɗe wata ta farfajiyar waje, saboda baƙo namiji ya shiga ya fita ba tare da ya ratsa ɓangaren mata ba. Wannan shawara ta nuna mini cewa ya san yadda gidan Bahaushe yake tafiya, kuma ita ce uwargida ta fi yabawa a duk aikin.

Batun zafi shi ne inda muka ɗan ja da su, kuma a ganina su ne da gaskiya. Ni na so a kafa silin na PVC kai tsaye a ƙarƙashin kwanon domin rage kashe kuɗi, injiniyan ya ce da bazara, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, kwano mara tsawo irin na gareji zai riƙa sauke zafinsa a kan mai kwanciya har tsakar dare. Abin da suka yi shi ne shimfiɗa takardar alminiyam mai mayar da zafi a ƙarƙashin kwanon, suka bar sarari tsakaninta da silin, suka buɗe ƙananan ƙofofin iska masu raga a saman bango ta gefe biyu. Ɗakin bai kai sanyin ɗakunan cikin gida masu dogon rufi ba, kuma duk wanda ya ce gareji zai kai su bai faɗi gaskiya ba, amma da fanka ɗaya ana yin barci a cikinsa da bazara.

Wayarin wuta an ja shi sabo daga allon rarraba wutar gidan, da nasa makunnin kariya, an yi amfani da waya mai milimita 1.5 ga fitilu da mai 2.5 ga soket, an kuma ajiye layi na daban ko da wata rana za a sa na'urar sanyaya ɗaki. Banɗakin an yanke shi a kusurwar da ta fi kusa da sokawe, bututun mai inci 4 ya samu gangaren da ya dace, ruwa ba ya tsayawa. Janareton da ke zaune a garejin sun gina masa ɗan keji a can bayan gida nesa da tagogi, injiniyan ya kuma ja kunnen yaran da kansa cewa iskar gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari, tana kashe mai barci ba tare da ya farka ba. Na ji daɗin wannan gargaɗi, domin kusan kowace shekara sai an ji labarin iyalan da hayaƙin janareto ya halaka a ƙasar nan.

Ƙorafina na farko shi ne lokaci. Bayan an kammala manyan ayyuka, sai kamfanin ya kwashe ƙwararrun ma'aikatansa zuwa wani babban aiki da ya samu, ya bar mana yara masu koyo, aikin da aka yi alkawarin gamawa kafin azumi ya kai har bayan salla. A wannan tsakanin kiran waya ba ya samun amsa sai an yi ta naci, kuma tarin ɓaraguzai da ragowar yashi sun daɗe a ƙofar gida har maƙwabta suka fara magana. Ƙorafi na biyu ya samo asali ne daga na farko: da suka ga sun makara, sai suka shafa fenti a sabon bango tun filastar ba ta gama bushewa ba, ba a jima ba farin gishiri ya feso, fentin ya fara kumbura yana ɓarewa a ƙarƙashin taga. Abin takaici ne a ce mutanen da suka yi haƙuri da kankare suka kasa haƙuri da filasta. Na uku kuma, ɗaga daɓe ya sa dole a ɗaga bakin ƙofar waje a yi mata matakala, kuma wannan bai shiga takardar ƙiyasin da muka sa wa hannu ba, sai daga baya aka zo mini da shi a matsayin ƙarin kuɗi, alhali injiniyan da ya auna gangaren daɓen tun ranar farko ya san za a buƙace shi.

Abin da ya taimake ni shi ne tsarin biyan da muka rubuta tun farko. Na ba da kafin alƙalami, sauran kuma kashi-kashi bayan kowane mataki, na riƙe wani kaso sai an ga yadda ɗakin zai yi da damina. Siminti da rodi da tayil ni na saya da kaina bisa lissafinsu, kuma adalci ne in ce lissafin ya fito daidai, babu buhun da ya yi ɓatan dabo. Saboda kason da na riƙe, sun dawo sun kankare fentin da ya lalace, sun jira bangon ya bushe, sun sake shafawa ba tare da neman ko sisi ba, injiniyan kuma ya zo da kansa ya ba da haƙuri.

Farashinsu ya fi na birkilan unguwa nesa ba kusa ba, kuma mafi yawan bambancin ya tafi ne a kan abubuwan da tayil da silin suka rufe. Ga wanda yake son shago ko ɗakin ajiya, wannan kashe kuɗi bai zama dole ba, birkila mai amana ya wadatar. Ga wanda zai kwantar da ƴaƴansa ko baƙinsa a ciki kuwa, zan ba da shawarar kamfani irin wannan, da sharaɗin a rubuta ranar gamawa da abin da zai biyo baya idan aka saɓa, a sa kwashe ɓaraguzai da matakalar ƙofa cikin ƙiyasi, sannan mai gida ya hana a kawo bokitin fenti sai ya ga filastar ta yi fari ta bushe ƙarau.